Harafin X a kwalin tsohon jirgin wasa: me yake nufi?

Bakano a Ohio:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman wanda ya san kan tsofaffin jiragen ƙasa na wasa ya warware mini abin da ya ɗaure mini kai tun ranar Asabar. Na je gwanjon kayan gida a wata unguwa nan Columbus, wani dattijo ne ya rasu, 'ya'yansa suka fito da komai. Kujeru na je nema. A ɗakin ƙasa sai na ci karo da wani babban kwali mai warin raɓa, cike da ƙananan kwalaye masu ruwan lemo da shuɗi, kowanne da sunan Lionel, kamfanin da ya ƙera jiragen wasan. Na biya na ɗauko.

Akwai baƙin kan jirgi, ƙarami amma da nauyi kamar guduma, lambarsa 1656. Akwai taragon kwal ɗinsa, a kwali an rubuta 6403B. Akwai taragon tanki, da jan taragon gadi na wutsiya. To ga inda gizo ke saƙar. A jikin taragon gadin 6257 kawai aka rubuta, amma a bakin kwalinsa 6257X. Sai wani rufaffen taragon kaya, shi kuma a jikinsa aka rubuta X6454, kwalinsa 6454 ne babu X. Na uku, wani kwali mai lamba 2671WX, a cikinsa dogon taragon kwal mai ƙafa goma sha biyu, an rubuta Pennsylvania a gefensa. Shi babu kan jirgin da yake bi.

X uku ke nan, ɗaya a kwali, ɗaya a jiki, ɗaya a bayan W. Duk abu ɗaya suke nufi?

Mai Gwanjo Wambai:
Wa alaikumus salam. Malam, ka tsinci dami a kala. Ni a sanina X a jikin kaya na fitarwa ƙasar waje ne, ko kuma na gwaji wanda ba a yi da yawa ba. Kada ka bari kowa ya taya maka a banza. Ka ɗau hoto ka sa a kasuwar intanet, ka rubuta cewa mai X ne, ka ga yadda za a yi rububi.

Kawu Chicago:
Alhaji Mai Gwanjo, a yi haƙuri, kada a sa yaron nan ya rubuta abin da ba haka ba. Shekara ashirin da wani abu ina tara kayan Lionel na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wato na 1945 zuwa 1969, kuma wannan magana ta "na gwaji" ita ce aka fi cutar sababbin shiga da ita.

Ɗana, kafin in ce komai, ɗauko jan taragon nan ka juya shi. Ƙugiya nawa gare shi, ɗaya ko biyu?

Bakano a Ohio:
Biyu ne Kawu. Gaba ɗaya, baya ɗaya.

Kawu Chicago:
Alhamdu lillahi, kwali da tarago sun dace. Ga bayanin X ta farko. Taragon gadi 6257 na yau da kullum ƙugiya ɗaya gare shi, tunda shi ne na ƙarshe, babu abin da za a ƙulla a bayansa. Amma 1656 ba kan jirgin doguwar tafiya ba ne, irin wanda yake kai da komo a cikin tasha ne yana jera taragu, yana da ƙugiya ta gaba da ta baya. Don haka a saitin 1948 da aka haɗa da shi, sai aka sa wa taragon gadin ƙugiya ta biyu domin a iya kama shi ta kowane ɓangare. Ba su sake lambar jikin ba, gangar ɗaya ce, fenti ɗaya. Kwalin kawai suka ƙara wa X domin mai shirya kaya a masana'anta ya san wannan ya bambanta da sauran.

X ɗin da ke bayan lamba a kwalin Lionel abin da take cewa ke nan: na ciki ya saɓa da na kullum. Ba ta faɗin ta ina ya saɓa. Wani lokaci ƙugiya ce, wani lokaci rubutu, wani lokaci an rage wani abu ne domin a sauƙaƙa farashi. Saƙo ne daga ma'aikaci zuwa ma'aikaci, ba a yi shi domin mai saye ba.

B ɗin 6403B kuwa ƙararrawa ce. In ka kunna, taragon kwal ɗin nan zai riƙa buga ƙararrawa jefi-jefi.

Baba Tsohon Reluwe:
Salamu alaikum. Ni ban san na wasa ba, na gaske na yi wa aiki, daga Zariya har na yi ritaya. Amma zan ce wani abu a kan X ta biyu, wadda take gaban lamba a jikin rufaffen tarago. A reluwe duk abin da ka gani rubuce a jikin tarago yana da aiki. Akwai harafin da ke nuna irinsa, akwai lambarsa, akwai nauyinsa in babu kaya, akwai iyakar abin da zai ɗauka. Mai jera taragu da dare da fitila a hannu ba ya buɗe ƙofa, harafin yake karantawa. Zatona wannan X ɗin ta irin tarago ce, masu yin na wasan suka kwaikwayo daga na gaske.

Kawu Chicago:
Allah ya ƙara girma Baba, kun bugi inda ya dace. Kamfanin jirgin Pennsylvania, wanda yana cikin manyan na Amurka a lokacin, da X yake fara sunan rufaffun taragunsa na kaya, kamar X29 da ya cika layukansu tun shekarun 1920. Shi ya sa za ka ga X a gaban lambar rufaffun taragun Lionel da yawa: X2454, X2458, X3464, X6454, X6014. Duk ɗan gidan 6454 da ita ya fito, daga 1948 zuwa 1952, ko da sunan wane kamfani aka rubuta masa. Abin da kowa ke da shi ba ya zama na musamman.

Mai Gwanjo Wambai:
To na ji ta biyu, ba ta da kuɗi. Amma ta farko fa? Kai da bakinka ka ce an yi ta daban. Abin da aka yi daban ai ya fi tsada. Ina kuskurena?

Kawu Chicago:
Alhaji, ban ce ba ta da daraja ba. 6257X da kwalinsa na asali ya fi 6257 na kullum wuyar samu, masu tarawa suna nemansa. Inda na ƙi yarda shi ne a ce X tana nufin gwaji ko fitarwa waje. Kuma ka lura da wani abu: darajar tana wurin kwalin ne. Taragon shi kaɗai, duk mai sukurdireba da haƙuri zai iya sauya masa ƙafafu ya zama mai ƙugiya biyu. Kwalin ne shaida, tare da 1656 da 6403B da suka zo tare. In ya raba su ya sayar ɗai-ɗai, ya kashe shaidar.

Mai Gwanjo Wambai:
A nan dai mun sha bamban. A kasuwa raba kaya ya fi kawo riba, wannan kowa ya sani. Amma na yarda ba zan ce a rubuta "na gwaji" ba.

Bakano a Ohio:
Ba ni da niyyar sayarwa tukuna, Alhaji. Kawu, saura ta uku, 2671WX.

Kawu Chicago:
Ita ce ta fi damuna. A kwalayen taragon kwal, W usur ne, wato akwai ɗan inji a ciki mai hura iska ya yi kukan jirgi. T kuma babu usur. Shi ya sa ake da 6466W da 6466T, ganga ɗaya, ciki daban. To 2671W shi ne mai rubutun Pennsylvania, yana bin kan jirgi 671 ko 681. Shi kuwa 2671WX gangar ɗaya ce, amma Lionel Lines aka rubuta masa, yana bin babban kan jirgi 736 da ya fito a 1950. A nan X rubutun gefe take nunawa.

Kai kuma ka ce naka Pennsylvania ne a cikin kwalin WX. Ke nan ba gidansa ba ne. Ko dai tun a kanti aka musanya, ko kuma dattijon nan yana da manyan jirage biyu, wata rana da ake tattara kaya bayan Kirsimeti aka saka kowanne a kwalin ɗan'uwansa. In na biyun ne, akwai wani kwali a gidan da ba ka gani ba, ko wani ya riga ka ɗauka.

'Yar Damagaram a Jamus:
Sannunku da hira. Ina karantawa tun ɗazu. Mu nan kusa da Stuttgart muke, Göppingen garin kamfanin jiragen wasa na Märklin ba nisa, kuma surukina Bajamushe ya bar wa jikokinsa nasa. Su ma suna da irin wannan rikicin amma ta wata fuska. Ƙaramin baƙin kan jirgin da muke da shi, a tsohon kwali CM 800 aka rubuta. Irinsa sak a wani kwalin an rubuta 3000. Na daɗe ina zaton iri biyu ne, ashe a 1957 ne kamfanin ya bar haruffa ya koma lamba huɗu. Haka shahararren kan jirgin nan da suke yi wa laƙabi da "kada", CCS 800, ya koma 3015.

Wanda ya fi muhimmanci ga mai son kunnawa shi ne in ka ga HAMO a kwali. Na Märklin na kullum da wuta mai kai da komo yake aiki, yana shan ta daga tsakiyar layi. Mai HAMO kuwa na layi biyu ne da wuta mai tafiya hanya ɗaya. A ido iri ɗaya ne, a kan layi ba sa jituwa.

Sannan rubutun da ke ƙasan jirgin ma kalanda ne. DRGM rajistar zamanin da ce, ta kafin a kafa Jamus ta Yamma a 1949, bayan nan aka koma DBGM. Wanda aka rubuta an yi shi a yankin da Amurka ke riƙe da shi na Jamus kuwa, na shekarun farko bayan 1945 ne.

Kawu Chicago:
Hajiya kin tuna mini. Ɗana, kwalayenka ma suna da kalanda. Duba gefen kwalin 6257X da na 6454, ka karanta mana sunayen garuruwan da ke jiki. Kuma ka duba ko akwai wani hatimi mai farashi.

Bakano a Ohio:
Na duba da fitilar waya. Na 6257X garuruwa uku ne: New York, Chicago, San Francisco. Leɓen kwalin ɗaya ya yage, an liƙe shi da tsohon salatif da ya zama ruwan ƙasa, ya bar tabo kamar na mai. Na 6454 kuwa New York da Chicago kawai. Kuma a bakinsa akwai haruffa OPS da farashi a kusa.

Kawu Chicago:
To ka ga labarin gidan ya fara fitowa. Wajen 1950 Lionel ta cire San Francisco daga kwalayenta, saboda haka mai garuruwa uku ya girmi mai biyu, kuma ya dace da 1948. OPS kuwa ofishin ƙayyade farashi ne da gwamnatin Amurka ta kafa a 1951 lokacin yaƙin Koriya, aka rufe shi a 1953. Duk kwalin da ke da wannan alama na tsakanin nan ne. Ke nan rufaffen taragon ba da saitin ya zo ba, an sayo wa yaron shi daga baya, shekara uku ko huɗu bayan jirginsa na farko. Wataƙila dattijon da ya rasu shi ne yaron.

Yaƙin Koriya ya bar wata alamar ma. Wajen 1950 Lionel ta fara sa maganaɗisu a ƙafafun kan jirgi domin ya kama layi ya ja taragu da yawa. Da ƙarfen yin maganaɗisun ya yi wuya saboda yaƙi, a 1952 sai suka fito da 736 babu shi, suka mayar masa da tsohuwar lamba, 726RR. Haka 681 ya koma 671RR. Masu tarawa suna fassara RR da "an sake fitowa da shi".

Salatif ɗin nan kada ka ɓanɓare shi. Zai taso da fatar kwalin.

Injiniya a Liverpool:
Gaisuwa ga Baba da Kawu. Ina so in ja hankali a kan wani bambanci da ba a taɓo ba, domin shi ya ci kuɗina. Akwai alamar da masana'anta ta buga, akwai sunan da masu tarawa suka laƙaba daga baya. X da W da RR na masana'anta ne, kana ganinsu da ido. Amma in ka ji ana cewa "nau'i na ɗaya" ko "nau'i na huɗu", ba za ka taɓa ganin wannan a kwali ba. Mutane ne suka zauna suka ƙirga layukan kan ƙusa a jikin tarago suka raba su aji-aji.

Nan garin ne asalin gidan jiragen wasa na Hornby, a da masana'antar Meccano tana titin Binns. Su alamunsu a fili suke. A manyan jiragensu, E120 na lantarki ne mai bolt 20. A ƙananan da ake kira Dublo, waɗanda suka fara a 1938, shuɗin kwali na layi uku ne, jan kwali na layi biyu da suka shigo da shi a 1959. Shekarun baya na sayi kan jirgi a jan kwali daga wani mai sayarwa a intanet, hoto ɗaya ya sa, na kwalin da jirgin a kwance a ciki. Da ya iso na juya cikinsa sai ga cokulan shan wuta na layin tsakiya. Na layi uku ne aka kwantar a kwalin na layi biyu. Na rubuta masa, ya ce shi haka ya same shi. Har yau yana kan kanta, ba ya tafiya a layina. Tun daga nan ba na sayen komai sai an nuna mini cikinsa da bakin kwalinsa duka biyu.

Kawu Chicago:
Gaskiya ne Injiniya. Jerin rufaffun taragun kaya 6464 na Lionel shi ne babban misali, daga 1953 zuwa 1969. Lambar da ke bayan ɗan layi ta masana'anta ce: 6464-1 Western Pacific, 6464-25 Great Northern, 6464-50 Minneapolis da St. Louis, 6464-75 Rock Island, haka har 6464-900 New York Central. Amma rabon gangar zuwa nau'i-nau'i aikin masu tarawa ne. Dalilinsa kuwa mai sauƙi: an riƙa share layukan kan ƙusa daga mazubin domin a sami fili mai santsi na buga rubutu. Yana taimakawa wajen gane shekara, ban musa ba, sai dai ba kowane ɗan bambancin launi ne "nau'i" ba. Wani rana ce kawai ta dafa shi a bakin taga.

Lambar farko ma tana magana. Taragun da suka fara da 2 a 1946 da 1947 suna da ƙugiya mai naɗin waya. Daga 1948 aka fara komawa 6, masu farantin ƙarfe da maganaɗisun layi ke ja. Shi ya sa 2257 ya zama 6257. Masu 3 kuwa su ne masu motsi, kamar na madara da ɗan mutum ke turo garwa waje.

Mai Gwanjo Wambai:
Tambaya ɗaya. Tunda kwali ne kuɗi, me zai hana wani ya sassaƙa hatimin X ya buga?

Kawu Chicago:
Ana yi, Alhaji. Har kwalayen ma ana sake buga sababbi, masu gaskiya suna rubutawa a jiki cewa kwaikwayo ne, marasa gaskiya su goge. Na taɓa riƙe wani a wurin baje kolin jirage, kwalin ya tsufa ya yi laushi kamar tsumma, lambar ta koɗe, amma X ɗin baƙa wuluk kamar jiya aka buga. Na ajiye masa abinsa. Tawada da takarda tare suke tsufa. Kuma in X ta ce na ciki daban ne, sai ka nemo bambancin da hannunka. In babu, to harafi ne kawai.

Baba Tsohon Reluwe:
Maganar Injiniya ta tuna mini ina yaro. Mahaifina yana aiki a kwatas ɗin reluwe, akwai ɗan wani Bature da yake da jirgi na murɗawa da makulli, a jan kwali. LMS aka rubuta a jikinsa. Mukan leƙa ta baranda muna kallo yana zagaya. Sai da na girma na shiga aiki na san sunan kamfanin jirgi ne na Ingila. Ban taɓa riƙe shi a hannuna ba.

Injiniya a Liverpool:
Allah ya ja kwana Baba. LMS ɗaya ce cikin manyan kamfanoni huɗu da aka haɗa a 1923, tare da LNER da GWR da SR, har gwamnati ta karɓe su a 1948. Hornby takan yi tarago ɗaya da sunan kowannensu, sai a liƙa 'yar takarda a bakin kwali mai nuna na wane ne a ciki. Aikinta ɗaya da X ɗin Kawu.

'Yar Damagaram a Jamus:
Ƙanena na Ohio, in ka yi niyyar kai wa yara gida, ka tuna taransifomar Lionel ta wutar Amurka ce, bolt 110 zuwa 120. Ta Najeriya da Nijar ta ninka haka. In aka soka ta kai tsaye ta ƙone. Kuma wayar da ta shekara saba'in ka duba ta da kyau kafin ta shiga soket ko a can inda kake.

Bakano a Ohio:
Na gode Yaya, wayar kam ta farfashe, har tagulla ana gani. Na kai wa wani mai gyara ya sauya.

Ga abin da ya faru yau. Na koma gidan bayan aiki, na tarar da 'yar marigayin tana kwashe saura. Na nuna mata kwalin 2671WX, na tambaye ta ko akwai wasu jiragen. Ta ce akwai manya biyu, ƙanenta ya tafi da su tun kafin gwanjo domin su ne babansu ya fi so. Ta kira shi a gabana, ya buɗe nasa kwalin yana kan waya. An rubuta 2671W, a ciki kuma Lionel Lines. Kawu, yadda kuka faɗa haka ne. Matar ta yi shiru, sannan ta ce ita ce mai mayar da su kwali kowace shekara tun tana 'yar takwas.

Na ce mata taragon nasu ne, jirginsa yana wurinsu, ba shi da amfani a hannuna. Na bar mata shi da kwalin ta kai wa ƙanenta ya mayar da kowanne gidansa. Ta so ta biya ni, na ƙi.

Mai Gwanjo Wambai:
Ni da ko rabin kuɗin na karɓa. Amma Allah ya saka, ka kyauta.

Kawu Chicago:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Sauran ka ajiye su tare, ka rubuta a 'yar takarda inda ka same su da ranar, ka sa a babban kwalin. Ka fitar da su daga ɗakin ƙasa, raɓa ce ke cin kwali. Ɗigon mai kaɗan a ƙafafun 1656, kada ka cika.

Baba Tsohon Reluwe:
In an gyara wayar, ka ɗauko mini bidiyo yana tafiya. Ka sa shi ya kamo taragon gadin ta gaba, ya tura shi baya, yadda muke yi a tashar Zariya. Kuma ka kusanto da wayar salularka, ina so in ji ƙararrawar.

Bakano a Ohio:
In sha Allahu Baba, mai gyaran ya ce Alhamis. Ku za a fara turawa.